Daga Algaitar Baba Zuwa Takardar Kiɗa

Sana'ata rubuta kiɗa. Ba na rera waƙa, ba na hawa dandali da makirfo a hannu. Zama nake yi da takarda mai layi biyar-biyar, ko gaban kwamfuta, in tsara abin da kowane makaɗi zai kaɗa tun daga sautin farko har na ƙarshe, sannan in miƙa wa waɗanda suka iya karanta wannan rubutu su fitar da shi. Irin aikin da su Bach da Beethoven suka yi a Turai ke nan, kuma har gobe akwai masu yin sabo a kowace nahiya. A Zariya kuwa, da na faɗi haka sai a sake tambayata, "To, wace waƙa ka yi?" Shi ya sa na ga ya dace in ba da labarin tun daga tushe, musamman don yaran gidajen makaɗa da ake so su riƙa sunkuyar da kai idan an ambaci gadonsu.

A cikin birnin Zazzau aka haife ni, a gidan mabusa. Mahaifina algaita yake busawa, ya gada wurin nasa mahaifin, kuma wani hakimi yake bi. Ranar Hawan Sallah da Hawan Daushe ba ma ganinsa sai dare ya yi, ya dawo rawani duk ƙura, leɓɓansa a kumbure. Daren Juma'a kuma muna kwance a tsakar gida za mu jiyo kakaki daga wajen fada. Tun ban shiga boko ba na san cewa a ƙasar Hausa kowane sauti da ubangidansa: tambari da kakaki na sarki ne, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma. Kowane basarake kuma da takensa, wanda da an busa, ko makaho ya san wanda ke tafe.

Darasina na farko babu algaita a cikinsa. Baba ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya ba ni wani siririn kara mai rami, ya ce in tsoma bakinsa cikin ruwan in hura. Sharaɗin guda ne: kada kumfar ta tsaya. Mai algaita ba ya yanke sauti don ya yi numfashi. Iska yake tarawa a kumatu, kumatun su ci gaba da turawa, shi kuma ya ja sabuwa ta hanci a lokaci guda. Na ƙware, ruwa ya hau mini kai, hawaye suka zubo, Baba yana zaune kan buzu yana gyaran bakin algaitarsa da 'yar wuƙa, ko ɗagowa ba ya yi. Kunnensa ne ke kan ƙwaryar. Da kumfa ta yanke sai ya ce, "Sake." Ranar da ta ƙi yankewa, sai ya ajiye wuƙar ya dube ni, ya ce, "To, yanzu ka shigo gida."

A waje kuwa wani abu daban na tarar. A makaranta "ɗan maroƙa" ake ce mini idan ana so a ƙona mini rai, har wani malami ya taɓa faɗa a gaban aji cewa irinmu bara ce ƙarshenmu ko mun yi karatu. Da na kai wa Baba ƙara bai yi dogon zance ba. Ya ce, "Busa ba za ta tsere maka ba, a gida take. Boko ne ba mu da shi. Je ka ɗebo mana." Inna ta fi shi tsananin son in yi nisa da kiɗa, don ita ta san zafin aurar da 'ya'ya mata daga gidan da ake rainawa. Ban taɓa ganin laifinta ba.

Ina aji huɗu na sakandare na yi aboki ɗan Wusasa. Duk wanda ya san Zariya ya san Wusasa: unguwar Hausawa Kirista ce mai tsohon tarihi, inda 'yan mishan suka koma daga cikin birni, suka gina cocin St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, a 1929. Can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Mahaifin abokina shi ke koyar da mawaƙan wata coci, kuma akwai ƙaramin kibod a falonsu. Wata Asabar na tarar da shi yana shirya waƙar gobe. Ya buɗe wani tsohon littafi, ya duba wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe da ke zaune kan layuka, yatsunsa suka sauka, sai ga muryoyi huɗu suna tafiya tare, kowace da hanyarta, ba wadda ta taka wata. Na ce, "Malam, wa ya koya maka wannan waƙa?" Ya ce babu wanda ya koya masa, a takarda ya gan ta, kuma wanda ya tsara ta Bajamushe ne da ya rasu tun 1750.

Maganar nan ta hana ni barci. Sau da yawa na ji Baba yana cewa akwai taken da kakanmu yake busawa wanda ya tafi da shi kabari, shi farkonsa kawai ya riƙe. Ga mutum ya fi shekara ɗari biyu da hamsin a ƙasa, kiɗansa na tashi a wani falo a Wusasa babu abin da ya ɓace, ga kuma kakana da ko shekara talatin bai yi da rasuwa ba, nasa ya fara zubewa. Abin da ya ja ni ga rubutun kiɗa ke nan. Ba ƙyalƙyalin Turai ba ne, zafin asara ne.

Malam ya karɓe ni ba tare da ya nemi ko sisi ba. Da do-re-mi ya fara, irin wanda mawaƙan coci ke amfani da shi a ko'ina a Najeriya, daga baya ya kai ni kan layuka biyar. Ina so a san wani abu game da wannan bawan Allah: ni Musulmi ne, ya kuma san haka, bai taɓa yi mini zancen addini ba. Da an kira La'asar shi ne zai rufe littafin ya ce wa ɗansa, "Ba ɗan'uwanka buta da tabarma." Baba da kansa ya je ya yi masa godiya da ƙwaryar goro. Zariyar da na sani ke nan, kuma ita nake so 'ya'yana su gada.

A Jami'ar Ahmadu Bello kimiyyar fiziks na karanta, don a gida an ce sai karatun da zai ba da aiki. Ban yi hasara ba. A nan na gane cewa sauti girgizar iska ce da ake iya ƙirgawa: sautin da makaɗan Turai ke daidaita kayansu da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa, idan aka ninka ya zama 880 sai ka ji sautin ya dawo amma a sama, su kuma sun raba tsakanin nan gida 12 daidai wa daida. Fiyano mai maɓalli 88 a kan wannan rabo aka gina ta. Yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ya ci kusan wata shida, a shagunan intanet na Samaru na ƙarar da shi, ina sauraron kiɗa ina bin rubutunsa da ido.

A lokacin ne na san ba ni kaɗai ba ne. Na gano Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905, ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya rubuta wa ƙungiyar masu goge ta Turai tun cikin shekarun 1940. Na gano Akin Euba, wanda ya ce a iya sa fiyano ta yi magana irin ta ganga, da Joshua Uzoigwe da ya ɗora a kan wannan tafarki da kiɗan ƙasar Ibo, da Kwabena Nketia na Gana. Sai kuma Béla Bartók ɗan Hangari, wanda ya riƙa bin ƙauyuka da na'urar naɗar murya yana tattara waƙoƙin manoma, har ya kai Aljeriya a 1913, kuma abin da ya tattara ya canza masa hannu gaba ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne duk sunayen 'yan Najeriya da nake cin karo da su daga Kudu suke. Mu da muke da kakaki da algaita da kotso da jauje da garaya, ina muke?

Amsar da ta fi ƙarfafa ni a cikin jami'ar tamu take. A 1958, a kwalejin da ta zama ABU a 1962, wasu ɗaliban zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su koyi dabarun Turawa sarai amma da idon gida za su yi zane. Yau duk mai maganar zanen zamani a Najeriya sai ya ambaci Zariya. Na ce a raina, abin da aka yi da fenti a garin nan za a iya yin sa da sauti.

Wani hutu na kunna manhajar auna sauti a wayata, na roƙi Baba ya busa mini take guda a hankali. Allurar manhajar ta ƙi zama. Wasu sautukansa ba sa kan farin maɓalli, ba sa kan baƙi, a tsakani suke zaune, kuma kullum a wuri guda suke sauka, wato ba kuskure ba ne. Wani sautin ma ba tsayuwa yake yi ba, gangarowa yake yi yana lanƙwasa kamar muryar mai kirari. Da na buga abin da na rubuta a kibod, Baba ya saurara har ƙarshe ya ce, "Kamarsa ce, amma ba shi ba ne." Daga ranar na san rubutun da nake ƙauna ba zai ɗauke algaita duka ba sai an faɗaɗa shi, kuma ba za ka faɗaɗa abin da ba ka ƙware a kai ba.

Bayan bautar ƙasa na tafi Legas, makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, ta ƙungiyar da aka kafa a 1983. Kwas ɗin difloma ne na shekara biyu, kuma sai ka ci jarrabawar rubutu ka kuma yi kiɗa gaban alƙalai kafin a ɗauke ka. Inna ta yi kuka, ta ce mai digiri zai koma ɗan koyon kiɗa. Baba ya ce mata, "Ai bokon ya ɗebo. Bar shi ya je." A Agege na zauna wurin wani kawuna mai sayar da goro, ina fita kafin gari ya waye don in samu fiyano babu layi. 'Yan ajinmu da yawa tun suna 'yan shekara shida suke taɓa fiyano a coci, ni kuwa yatsuna sun riga sun sandare. A kunne na fi su, a hannu sun fi ni, muka riƙa taimakon juna.

Akwai masu cewa koyon ƙa'idojin Turai ɓata lokaci ne ga ɗan Afirka, wai yana kashe asali. Ban yarda ba. Darasin haɗa muryoyi, inda za a ba ka karin waƙa guda a ce ka ɗora mata wasu muryoyi uku ba tare da biyu sun yi tafiyar da aka hana ba, shi ya koya mini jin abu huɗu a lokaci guda. Darasin kayan kiɗa ya koya mini inda kowane goge yake da daɗi da inda yake shaƙewa, da tsawon lokacin da mai busa zai iya riƙe sauti kafin numfashi ya ƙare masa. Wanda bai san waɗannan ba zai rubuta abin da ba ya kaɗuwa, makaɗa su sha wahala a banza. Asali ba ya mutuwa don ka ƙara sani. Yana mutuwa ne idan ka daina komawa ka saurara.

Babban abin da na samu a Legas kuwa game da harshenmu ne. An ba mu aikin tsara waƙa ga ƙungiyar mawaƙa, kowa da harshensa. Abokaina Yarbawa da Ibo suka fara gargaɗina, don su magabatansu sun daɗe da yaƙi da matsalar: idan karin waƙa ya hau inda muryar kalma take sauka, ma'ana ta lalace. Hausa ma haka take. Akwai gaɓa mai hawa, akwai mai sauka, akwai mai faɗowa, ga wasali dogo da gajere. Da na zauna ina naɗar maganar mutane a kasuwar Agege ina aunawa, sai na ji wani abu da kullum yake kunnena ban lura ba: jimlar Hausa daga sama take farawa ta riƙa gangarowa, duk gaɓa mai hawa da ta biyo bayan mai sauka ba ta kai tsayin ta baya ba, sai fa tambaya da ke ɗaga ƙarshenta. Na tuna algaitar Baba, na tuna makaɗan fada, duk daga sama suke kamo zance su sauko da shi. Ashe kiɗanmu magana yake bi sau da ƙafa.

A kan wannan na gina aikina na kammalawa, na masu goge huɗu: biyolin biyu, biyola, da babban gogen da ake kira celo. Gaisuwar mata na ɗauka, irin wadda Inna ke yi da maƙwabciyarta ta kan katanga da safe. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, ya muka ji da haƙuri. Babu kalma ko ɗaya a cikin kiɗan, hawa da saukar muryar kawai na rubuta. Biyolin ta tambaya, celo ya amsa, amsar tana shigowa tun tambayar ba ta ƙare ba, kamar yadda suke yi, sauran biyun kuma suna riƙe da amon tsakar gida. Ɗalibai huɗu ne suka kaɗa, babu mai jin Hausa a cikinsu. Kawuna ya rufe shago ya zo, ya zauna can baya da babbar riga. Da aka tashi ya kama hannuna ya ce, "Kai, yaron nan, ai gaisawa suke yi!" Babu makin da aka ba ni da ya kai wannan magana a wurina.

A 2019 na dawo Zariya, kuma gaskiya dawowar ta fi tafiyar wuya. A nan babu ƙungiyar makaɗa irin ta Legas da za ka kai wa takarda. Marubucin kiɗan da ba shi da makaɗa, kwamfuta ce kaɗai ke jiyar da shi aikinsa, ita ma sai an kawo wuta. Na shiga koyar da yara kibod a gidaje, ina yi wa mawaƙan coci da na makarantu rubutu, ina amfani da manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore don kyauta ce. Na yi wa ɗalibai kiɗan wasan kwaikwayo a dandalin nan na ginin ƙasa da ke jami'a. Na kuma taɓa kiɗan fim. Wani mai shirya fim ya ce in kwaikwayo masa wani karin Indiya in ɗan juya shi, na ce zan yi masa sabo wanda ya fi dacewa da labarin, ya karɓi aikin ya yi amfani da shi, har yau ban ga kuɗina ba. Tun daga nan ba na fara aiki sai da yarjejeniya a rubuce da rabin kuɗi a hannu, kuma ina ba duk mai tasowa wannan shawara.

Zaman kulle na 2020 ya tsayar da koyarwa, sai na samu lokacin rubutu. Ƙungiyoyin makaɗa a ƙasashen waje kan yi shela a intanet cewa matasa su aiko da ayyukansu. Na yi ta aikawa, yawanci shiru, wani lokaci a amsa da haƙuri. Daga ƙarshe wata ƙaramar ƙungiya a Jamus ta ɗauki aikin gaisuwar nan, suka kaɗa suka turo mini, suka kuma ce in rubuta musu sabo. Suna da mai busa obo, wanda ɗan'uwan algaita ne na jini, don dukansu da bakin kara mai leɓe biyu ake busa su. Na ce zan haɗa su: a naɗi algaitar Baba a Zariya, obo da goge su amsa mata a can.

Na je wa Baba da murnata, na ce taken ubangidansa nake so, don ya fi kowanne daɗi a kunnena. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan da mai shi. Ba zan busa shi inda mai shi ba ya nan ba, balle a yi ta juya shi gaban mutanen da ba su san darajarsa ba." Na ce, "Baba, ai ɗaukaka shi za a yi." Ya ce, "Take ba ya ɗaukaka a bayan idon ubangidansa. In kana so, mu yi wanda ba na kowa ba."

A makaranta an koya mini cewa duk kiɗan gargajiya kayan aiki ne ga marubuci, ka ɗauka ka sarrafa. Baba ya nuna mini cewa wani sautin amana ce, kuma na tsaya a kan maganarsa har yau. Muka zauna a zaure muna ƙirƙira. Ya busa guntu, in maimaita a kibod, ya ce a'a, nan sauka za ta yi. Mutumin da duk rayuwarsa abin da ya gada yake busawa, sai ga shi yana tsara sabo yana murmushi. Sautukan da ke tsakanin maɓallai na rubuta su da alamomin rabin-rabin mataki da marubutan zamani ke amfani da su, inda alama ta gaza kuma na tura wa mai obo muryar Baba na ce ta bi da kunne. Ita ma ta iya numfashin nan da ba ya yankewa, sai dai ta ce a makarantar koyon kiɗa ta koye shi tana babba, ta yi mamakin jin cewa a gidanmu da shi yaro ke farawa. A kan takardar aikin sunaye biyu na sa, nasa a gaba, kuɗin ma biyu muka raba. Nasa kason ya saya wa Inna keken ɗinki.

Yanzu ayyuka suna ɗan shigowa, ba da yawa ba, amma sun isa in riƙe kaina tare da koyarwa. Damuwata ita ce makaɗa. Muddin babu yaran Arewa da suka iya karanta rubutun kiɗa kuma suka iya goge da sarewa da kalangu na gida, kullum sai mun aika aikinmu waje kafin mu ji shi. Don haka duk Asabar nake tara 'yan yara a zauren gidanmu, da na cikin birni da na Wusasa da na Sabon Gari, Baba ya koya musu busa, ni in koya musu rubutu. Akwai wata yarinya a cikinsu da kunnenta ya fi nawa lokacin da nake kamarta, mahaifinta da kansa yake kawo ta a babur ya jira a tashi.

Da dare kuma ni da Baba muna kan wani aikin. Duk taken da yake tunawa yana busawa ina naɗa, in rubuta shi, in sa sunan sarautar da ke da shi, da lokacin da ake busa shi, da kirarin da ke ƙarƙashinsa. Ya kafa sharaɗi cewa littafin na gida ne, ba za a kaɗa komai daga cikinsa a waje ba sai da izinin masu shi, na kuma rubuta sharaɗin a shafin farko. Akwai waɗanda ya riƙe rabinsu kawai. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Soba ya fi shi zama da kakanmu a ƙarshen rayuwarsa, don haka bayan Sallah can za mu nufa da na'urar.